Yini Guda A Kan Duwatsun Shere Da Kaka

In aka ce kaka ta yi, kowa da abin da ke faɗo masa a rai. Manomi lauje da rumbu yake tunawa, ɗan kasuwa ya tuna arahar hatsi, samari kuwa hankalinsu ya koma dandali, wurin dambe da kokawa da kiɗan kalangu. Amma akwai wata fa'ida ta kaka wadda ba a cika ambatonta ba, watau duk shekara babu lokacin da ya kai ta daɗin hawan dutse. Da damina duwatsu santsi gare su, ga gansakuka, ga tsoron aradu. Da hunturu hazo yakan rufe duniya, mutum ya sha wahalar hawa, ya kai can bisa, ya duba bai ga kome ba sai fari fat. Da bazara kuwa dutse yakan ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Abin da ya rage shi ne 'yan makwanni biyar ko shida, daga ɗaukewar ruwa cikin watan Oktoba zuwa saukowar hazo wajen ƙarshen Nuwamba. A 'yan kwanakin nan ruwan sama ya wanke sarari tas, ƙoramu ba su ƙafe ba, ciyawa ta soma ja amma wuta ba ta ci ta ba tukuna.

Abin mamaki, mu da garuruwanmu da yawa a gindin dutse suka tashi, ba mu ɗauki hawansa a bakin kome ba. Kano a gindin Dala ta girma, tarihin Zazzau ba ya cika sai an ambaci Turunku da Kufena, ga Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara, ga kuma garin da sunansa ma Dutse. Duk da haka, in ka ce wa maƙwabcinka gobe za ka yini a kan dutse, tambayar da zai fara yi maka ita ce, "Me ka ajiye a can?" In ka ce ba kome, kallo kawai za ka, sai ya yi maka duban wanda ya rasa aikin yi, ko wanda boko ya juyar wa kai. A ganin yawancinmu dutse na maharba ne, da masu saran itace, da iskoki, sai kuma Turawa masu gajeren wando.

Wannan ra'ayi yana jawo mana hasara, don kuwa abin da ba ka taɓa takawa ba, ba za ka san ranar da ya fara lalacewa ba. Babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar Jos, garin da ke shan ruwa daga duwatsun da yawancin mazaunansa ba su taɓa sa ƙafa a kansu ba.

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10, watau mil 6 da 'yan kai. Wanda ya tsaya cikin gari da sassafe yana hangensu, ta bayansu rana ke ɓullowa. Ita kanta Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, ƙafa 6,000 ke nan, kuma nan ne wuri mafi bisa a duk tudun Filato. A Nijeriya akwai duwatsun da suka ɗara ta, irin su Chappal Waddi na Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, mai mita 2,419. Amma wancan sai an yi shirin kwanaki, da guzuri da 'yan dako. Shere kuwa mutum yana iya karya kumallo a gidansa, ya hau, ya sauko, ya ci tuwon dare a gida.

Mu shida muka ɗaura niyya, ran wata Asabar a ƙarshen Oktoba: malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibai biyu na jami'a, da wani tela wanda ya ce shekararsa talatin yana kallon dutsen daga ƙofar shagonsa, sai kuma ni. Tun kwana biyu kafin ranar aka aika wa mai unguwar wani ƙauye na gindin dutsen, ya yi mana alkawarin jagora. Ƙarfe shida mota ta ɗauke mu ta hanyar Lamingo, muka wuce madatsar ruwa tana ta tururi kamar tukunyar da aka buɗe, saboda sanyin safiya. Madatsun nan na gindin Shere, su Lamingo da Liberty, suna cikin wuraren da ake ɗebo ruwan famfon Jos. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

A wannan shiyya ne makarantar horon nan take, wadda kowa ya fi sani da suna Man O' War. Asalinta ba a nan ba ne. A shekarar 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa ta a bakin teku kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a ƙasar Kamaru. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya aka dawo da ita Kurra Falls a nan Filato, daga baya reshenta na dutse ya zauna a Shere. Dubban ɗalibai da ma'aikata da 'yan sanda sun sha gumi a duwatsun nan a hannunta, amma fa yawancinsu turo su aka yi, ba don ransu ya so ba.

Inda mota ta tsaya muka iske jagoranmu yana jira, dattijo ne siriri, da sanda da adda, da takalmin roba wanda ya ga duniya. Muka gaisa. "Sannunku da zuwa, 'ya'yana," in ji shi, sa'an nan ya dubi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, bai ce kome ba. Ƙauyukan gindin Shere galibi na Afizere ne, waɗanda Hausawa suka saba kira Jarawa, masu rawar nan ta Asharwa da ake yi da sarewa. Harshensu Izere, amma kamar sauran mutanen Filato suna jin Hausa sarai.

Sa'a ɗaya ta farko cikin gonaki muka yi ta, kuma a ganina ko nan mutum ya tsaya ya juya, bai yi asarar fitowarsa ba. Lokacin yankan acca ne. Wanda bai san acca ba, in ya ga gonarta zai ce ciyawa ce aka bari ta yi fure, don tsayinta da ƙyar yake wuce gwiwa, ƙwayarta kuwa ba ta fi tsakuwar yashi ba. Amma ita ce ke yi a ƙasa mai tsakuwa da yashi, inda masara ba ta ko kai bunni. Maza suna yanka da lauje a jere, irin na gayya, mata suna ɗaurewa dami-dami suna kaiwa kan falalen dutse, inda za a tattake ta da ƙafa, a sheƙe, kafin a zo ga babban aiki, watau surfe da wanke yashi. Wahalar nan ce ta sa mudun acca ya fi na dawa tsada nesa ba kusa ba, balle yanzu da masu ciwon sukari ke nemanta a Kano da Abuja da Ikko. Duk wanda ya taɓa shan gwaten acca da zafinsa a safiyar Jos, ko kununta, ya san ba a banza ake wahalar ba. A gefe ga tamba, ga rizga, ga gwaza a wuri mai laima, ga kuma itacen atili nan da can, dogo, mai duhun ganye. Muka yi musu sannu da aiki, wata tsohuwa ta ɗago ta ce, "Ina za ku da rana haka, yara?" Da tela ya nuna mata bisa da hannu, sai ta yi dariya ta koma kan daminta.

Kowace gona da kowane gida an kewaye su da shingen ƙerana. Yau aikinta hana awaki ɓarna, amma a da katanga ce ta yaƙi. Ruwanta fari ne kamar madara, in ya shiga ido yana iya makantarwa, doki kuwa ba ya ratsa ta. A ƙarni na 19, sa'ad da mahaya daga ƙasashen Bauchi da Zazzau ke kawo hari neman bayi, ƙerana da duwatsu su ne garkuwar mutanen tudun nan, kuma da yawansu ba a taɓa cin su da yaƙi ba sai da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa. Wannan tarihi ne da ya kamata Bahaushe mai hawan Shere ya sani, ya kuma hau da ladabi. Can gaba, kan hanya, jagora ya nuna mana ramuka masu santsi a jikin fā, inda matan da suka yi niƙa, da duwatsu jere a da'ira inda ɗakuna suka taɓa tsayawa. Bayan da hari ya ƙare ne mutane suka riƙa saukowa ƙasa, kusa da gona da kasuwa da hanyar mota.

Daga ƙarshen gonaki hanya ta miƙe tsaye. Nan hira ta ɗauke, sai nishi. Gamba ta fi mu tsayi, raɓa ta jiƙe mu sharkaf har ƙugu, ƙyasuwa tana manne wa wando. Dattijon nan kuwa tafiya yake yi a hankali, taki ɗaya ba sauri ba tsayawa, yana buga sanda a gaba saboda macizai, don kaka lokacinsu ne, kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take yi ta jira a taka ta. Ɗaliban nan biyu suka wuce shi a guje tun farko. Kafin rabin sa'a muka iske su zaune a kan dutse suna haki, shi kuwa ya wuce su da irin takinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen ƙarfe tara muka shiga wani kurmi a cikin kwazazzabo. Mai karatu, nan ne zuciyar al'amarin. Daga waje ba ka ganin kome sai duhun itatuwa a tsakanin duwatsu biyu, amma kana shiga sai sanyi ya buge ka, ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin duwatsu tun ba ka gan shi ba. Ruwan garau yake, sanyi kamar na randar ƙasa, yana fitowa daga tsaguwar dutse, alhali an yi kwana da kwanaki ba a yi ruwan sama ba. Daga ina yake fitowa? Tudun Jos yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, inci 55 ke nan, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba. In ruwan ya sauka a kan ciyawa da ganyen da ya ruɓe, ba ya gudu. Yakan tsaya, ya nutse ta bin saiwoyi, ya shiga tsage-tsagen dutse ya kwanta, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Watau dutsen nan randa ce, ciyawa da kurmi su ne murfinta. In aka sare kurmin, aka ƙone ciyawar, ruwan shekara yakan gangara cikin 'yan sa'o'i, ya kwashi ƙasa ya kai madatsa. Madatsa ta cika da laka maimakon ruwa, ƙorama ta ƙafe tun watan Janairu, mai famfo a gari ya buɗe ya ji iska. Sai ya zagi ma'aikatan ruwa, bai san abin daga bisa ya faro ba.

A bakin kurmin ne ɗaya daga cikin ɗaliban ya tsai da mu da hannu, ya nuna wani ɗan tsuntsu ja a gindin dutse, dangin wanda muke kira baiwar Allah, sai dai shi bayansa ja ne wur. Tsuntsun nan yana da labari. Masana ba su san da shi a matsayin iri na dabam ba sai a shekarar 1998, sa'ad da wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana shi daga nan tudun Jos, kuma ba a samunsa sai a 'yan wurare masu duwatsu na Arewacin Nijeriya da Arewacin Kamaru. Yana da wani maƙwabci, ɗan tsuntsu baƙi mai sheƙi, wanda matarsa ba ta yin sheƙa. Sai ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar jan, su kuwa su ƙyanƙyashe, su ciyar da ɗan baƙo tare da nasu, don har zanen cikin bakinsa irin na 'ya'yansu ne. In ya girma sai ya riƙa rera kukan waɗanda suka rene shi. Kai, agolanci ba ga ɗan Adam kaɗai ya tsaya ba! Ƙarshen damina zuwa kaka ne lokacin wannan sha'ani nasu.

Ba da nisa da nan ba, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a shekarar 2001, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da mutanen ƙauyen. Ɗan daji ne ƙarami, amma an ƙidaya tsuntsu fiye da iri 300 a cikinsa, ɗalibai kuma suna zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma su yi karatu. Da kaka ne aikinsu ke yawa. A daidai lokacin da shamuwa ke barin ƙasarmu ta nufi kudu, wasu 'yan tsuntsaye ke isowa daga Turai gudun sanyi, waɗanda nauyin ɗayansu bai kai rabin ƙwan kaza ba, amma sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara da fikafikansu. Akan kama su da raga, a auna, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a sake su. Abin lura a nan shi ne, Amurum ya tsira ne domin mutanen wurin sun yarda a tsare shi. Wanda ya ga cikinsa ya ga wajensa, ya ga bambancin da tsaro ke yi.

Bayan kurmi babu sauran inuwa. Duwatsu ne manya-manya, wasu kamar ɗaki, wasu kamar rumbu, an ɗora wani bisa wani kamar da gangan, har ka ce in ka tura da yatsa zai gangaro. Ba mutum ya jera su ba, ba kuma aljan ba. Masana ƙasa sun ce narkakken dutse ne ya taso daga ciki ya daskare, shekaru fiye da miliyan 150 da suka wuce, ya tsattsage, ruwa ya yi ta bin tsagar yana cin gefe da gefe har kusurwoyi suka goge, ƙasa ta zaizaye ta bar su tsaye. Cikin irin waɗannan akwai tagwayen da masu hawa ke kira Gog da Magog, Yajuju da Majuju ke nan a bakinmu. Wani wuri sai da rarrafe, wani wuri sai an miƙa wa juna hannu. Agwada tana leƙenmu daga kogo, kazar dutse ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafa har gaban mutum ya faɗi. Sau uku tela yana cewa ga ƙarshen nan, sau uku muna isa mu tarar da wani tudun a bayansa. Malamin makaranta ya ce masa, "Maigida, ai hangen Dala ba shiga birni ba ne."

Rana tsaka muka kai bisa ɗaya daga cikin manyan ƙololuwan. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, da sanyi, har wanda ya tuɓe rigar sanyi a ƙasa ya mai da ita. Haka abin yake, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da digiri 6 ko fiye kaɗan. Muka zauna, aka kwance guzuri, gurasa da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai da rake, aka yi shiru ana kallo.

Ta gabas da arewa ƙasa ta gangara zuwa filayen Bauchi, shuɗi-shuɗi har iyakar gani. Ta yamma ga Jos a shimfiɗe, kwanon rufi yana walƙiya. Ta kudu maso yamma, wajen Bukuru, sai ka ga wasu idanu suna ƙyalli a cikin ƙasa, kusa da tuddai jajaye marasa ciyawa. Kududdufan kuza ke nan. Kuzar daga jikin irin dutsen da muke zaune a kai ta fito, ruwa ya wanke ta ya tara a kwarin rafuka. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka ta, suna zuba dalma sirara kamar tsinke ana kai wa kasuwanni, kuma bin sawun wannan dalma ne ya kawo ma'aikatan kamfanin Neja tudun nan a farkon ƙarni na 20. Da fari a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 babban layin dogo ya zo, ƙaramin kuwa aka rufe shi a 1957. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta matsu da kuza, aka ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a nan. Akwai gidaje a Sakkwato da Katsina da Barno da kakansu ya tafi kuza bai komo ba. Daga baya arzikin ya ja baya, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar ɗaruruwan ramuka. Wasu an dasa musu itacen turare, wasu 'yan lambu na ban ruwa da su, suna fid da kabeji da karas da latas da ake kai wa har Kudu, wasu kuwa sai cin yara da dabbobi suke yi kowace shekara. Wanda yake son ya ga abin da ke saura in an kwashe arzikin ƙasa an tafi, ya hau Shere ya dubi kudu.

Amma arzikin tudun nan na gaskiya ba kuza ba ne, ruwa ne, kuma ba na mutanen Filato kaɗai ba. Kogin Kaduna daga tudun Jos ya faro, ya ratsa Kaduna da ƙasar Nufe ya faɗa Kwara. Gongola daga gefensa na gabas ta taso, ta bi ta Dadin Kowa ta sadu da Binuwai a Numan. Dilimi, wadda ta ratsa tsakiyar Jos, arewa maso gabas ta nufa, ruwanta ya shiga kogin Jama'are, ya bi fadamun Haɗejiya da Nguru, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ashe masunci a Gashuwa da mai noman shinkafa a Wushishi duk suna da rabo a cikin ruwan da ke sauka a tudun nan, ko sun sani ko ba su sani ba.

Daga bisa ba a ganin iyakar unguwa da unguwa. Amma duk wanda ya zauna a Jos ya san tun rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin ya rabu, akwai unguwar da wani ba ya kwana, akwai wadda wani ba ya shiga in rana ta faɗi. Rikicin manoma da makiyaya a ƙananan hukumomin kewaye, da satar mutane don kuɗin fansa, sun ƙara sa mutane ɗari-ɗari da daji. Ba zan ce wa kowa tsoron nan na banza ne ba. Shi ya sa ba a hawan Shere a ɓoye, ba a hawa mutum ɗaya, ba a kuma hawa ba da sanin mutanen ƙauye ba. A nemi mai unguwa, a karɓi jagora, a biya shi hakkinsa, a tambayi labarin hanya a ranar, in an ce kada a je, kada a je. Cikinmu shida akwai Musulmi akwai Kirista, da azahar ta yi masu salla suka yi alwala da ruwan gora suka yi sallarsu a kan fā, sauran suna tsare da kaya. A 'yan shekarun nan ma samarin Jos sun kafa ƙungiyoyin hawan dutse, suna fita ran Asabar, ta wayar hannu suke kiran juna, kuma ba a tambayar mutum unguwarsu kafin a miƙa masa hannu a wurin santsi.

Da muka juyo ta wata hanya dabam ne muka ga abin da ya ɓata mana rai. Wani kwazazzabo, ɗan'uwan wanda muka sha ruwa a cikinsa da safe, an sare shi ƙaf, sai kututture da baƙin gurbin da aka gasa gawayi. Ƙoramarsa ta riga ta koma yashi, tun Oktoba bai ƙare ba. Can ƙasa kuma ana jin ƙarar guduma, masu fasa dutse suna tara tsakuwa tsibi-tsibi suna jiran tifa, gine-gine kuwa suna ta haurowa daga gari zuwa wajen madatsa. Ba na ganin laifin matar da ke ɗauke da itace a ka, ko saurayin da ke fasa dutse da hannu don ya ci abinci. Kalanzir da gas sun fi ƙarfin talaka, kuma gawayin nan a murhunmu na cikin gari yake ƙarewa. Amma dutse yana da yawa a Filato, ba dole sai wanda ke bisa madatsa za a fasa ba, itace kuma ana iya dasa na girki a fili a bar na bakin rafi. Wannan aikin hukuma ne da sarakunan gargajiya, su shata iyaka, su kuma sa mutanen ƙauyukan su ci moriyar tsaron, kamar yadda aka yi a Amurum.

Sai maganar wuta. Kowace shekara ana cinna wa duwatsun nan wuta, maharba don su kori gafiya da zomo, makiyaya don sabon toho, wani kuwa guntun taba kawai ya yar. Malaman daji sun daɗe da sanin cewa ba duk wuta ce ɗaya ba. Wadda aka sa da wuri, ciyawa da sauran ɗanyenta, takan bi sama-sama ta mutu, ba ta kashe itace. Wadda ta tashi a Fabrairu ko Maris, kome ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ita ce ke cinye 'yan itatuwa, ta shiga har cikin kurmi, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya zo ya kwashe. Tun da an yi shekara da shekaru ana hana ƙuna ba ta hanu ba, ni a ganina gara a zauna da mutanen ƙauye a tsara ta, a yi ta da wuri, a share kewayen kurmi tukuna.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, wannan kowane mai hawan dutse zai gaya maka. Yatsun ƙafa suna tokarar takalmi, cinya tana rawa, ciyawar da ta bushe da rana ta zama santsi a kan dutse. Nan ne muka gane abin da dattijo ke dubawa a ƙafafunmu da safe: mai takalmin fata mai santsin ƙasa a zaune ya yi rabin gangaren. Wanda zai je ya nemi takalmi mai kama ƙasa, da dogon wando, da hula, da ruwa aƙalla lita biyu, ya kuma fara saukowa kafin ƙarfe biyu, don rana tana faɗawa da wuri a bayan dutse, duhu kuma ba ya sallama.

La'asar sakaliya muka iso gonaki. Masu acca sun tashi, sai damuna jingine a kan fā, da wasu mata biyu suna sheƙa, ƙaiƙayi yana tashi cikin hasken yamma. Tsohuwar nan ta safe ta ƙirga mu da ido, ta ga mun cika shida, ta ce, "To, kun gano abin da kuka ajiye?" Tela ya ce, "Mun gano, Mama, har da shagona na hango." Muka sayi acca mudu biyu-biyu a hannunsu, muka sallami jagora, ya ce mu gai da gida. Mako uku bayan haka hazo ya sauko, aka wayi gari a Jos ba a ganin Shere ko kaɗan, da dare kuwa sai jan layin wuta yana bin gefen dutsen.